Maganin Da Muke Ba Kare Daga Rabon 'Ya'yanmu Ne

A ƙauyukan Birnin Kudu da na Gwaram, kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa, kare ma'aikaci ne a gida. Shi ne mai jin motsin ɓarawon akuya tun mai gida bai farka ba, shi ne mai raka maharba daji da rani, shi ne kuma mai bin makiyayi da garkensa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gidajenmu na masu bi suna cikin gidajen da suka fi ajiye kare a wannan yanki, har 'ya'yanmu sukan saba wasa da kwikwiyo tun suna rarrafe. Saboda haka maganar da muka ɗauko yau tamu ce. Maganar kuwa ita ce, al'adar nan da ta shigo ta ɗura wa kare kafso ko tsira masa allura duk lokacin da aka ga ya yi laushi, ba tare da an nemi mai ilimin dabbobi ba, tana lalata maganin da mu da 'ya'yanmu za mu nema ranar da ciwo ya kwantar da mu. A ganinmu lokaci ya yi da za a bar ta.

Kowa ya san yadda abin yake faruwa. Kare ya ƙi cin tuwo, ko ya fara gudawa, ko ya dawo daga farauta da rauni. Sai a aiki yaro kyamis ya sayo ja da yalo guda biyu, ko a lalubo ragowar Ampiclox ko Septrin ko Flagyl da wani a gidan bai shanye ba, a cusa cikin lomar tuwo a jefa masa. Wani kuma yakan roƙi maƙwabcinsa mai shanu ya ɗiba masa kaɗan daga allurar LA da yake yi wa dabbobinsa. Bayan kwana ɗaya ko biyu, in kare ya miƙe sai a daina, in bai miƙe ba sai a sauya wani maganin. Ba a auna nauyin karen ba, ba a san ciwon ba, ba a kuma ƙidaya kwanakin ba. Tausayi ne yake sa mutum ya yi haka, amma ƙwayar cuta ba ruwanta da niyyar mai ba da magani.

Domin a gane inda haɗarin yake, sai an san irin maganin. Waɗannan duka dangi ɗaya ne da likitoci suke kira antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Bakteriya halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, suna nan a fatar mutum da ta dabba, a hanci da baki, a cikin hanji kuwa ba su ƙirguwa. Yawancinsu ba sa cutarwa, wasu ma suna da amfani. Suna hayayyafa da sauri ƙwarai, domin irin da ake kira E. coli, wanda yake zaune a hanjin mutum da na kare, yakan rabu biyu cikin kamar minti 20 idan ya sami yanayin da yake so. Idan aka ba da magani, raunanan cikinsu ne suke fara mutuwa. Idan maganin ya yi kaɗan, ko aka ba da shi a inda ba a bukatarsa, masu taurin kai ne suke saura, filin kuma ya zama nasu su kaɗai. Manomi ya san wannan sarai. Wanda ya yi noma sama-sama ya kashe ciyawa mai laushi ya bar ƙiri-ƙiri da aya-aya, baɗi su ne za su cinye masa gona.

Har wa yau akwai abin da ya fi wannan ban tsoro. Bakteriya suna iya miƙa wa juna wannan taurin kai, ko da ba irinsu ɗaya ba, kamar yadda ɗan tauri yake ba abokinsa asirin da wuƙa ba ta kama shi. Ƙwayar da ba ta cutar da kare tana iya koyon bijire wa magani a cikin hanjinsa, ta fito cikin kashinsa, ta shiga cikin yaro, can kuma ta ba wata ƙwayar mai kisa wannan asiri. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, suna cewa jikin wane ya saba da magani. Ƙwayar ce take sabawa da magani, shi ya sa jaririn da bai taɓa shan ko ƙwaya ɗaya ba yana iya kamuwa da cutar da magani ba ya ji.

Wannan ba sabon gargaɗi ba ne. Alexander Fleming, masanin da ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya faɗa a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945 cewa idan jahili ya riƙa shan maganin ƙasa da ƙima, zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da ya hango ya iso. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma suna da hannu a mutuwar kusan miliyan 5. Yankin da abin ya fi tsanani idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu na Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutuwar mutum 27 cikin kowane 100,000. A Nijeriya an ƙiyasta mutum 64,500 ne suka mutu ta wannan hanya a shekarar. A cikinsu akwai jarirai sababbin haihuwa, da mata masu jego, da tsofaffi masu ciwon huhu.

To, ina ruwan kare a ciki? A 2016 masu bincike daga Jami'ar Maiduguri sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa karnukan farauta a birnin, inda suka sami ƙwayar da ake kira MRSA a jikinsu. A 2022 an buga irin wannan sakamako daga Sakkwato, a karnukan gida da na yawo. Ita MRSA wani nau'i ne na ƙwayar da take kawo maruru, da ruɓewar rauni, da ciwon ƙashi, wani lokaci ta shiga jini ta yi kisa, sai dai ita wannan ta daina jin yawancin magungunan dangin fenisilin. A Ingila aka fara ganinta a 1961, yanzu ga ta a jikin karen maharbi a Borno. Babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri ta Birnin Kudu ta ratsa, magungunan da ake sayarwa can su ne ake sayarwa nan, farautar da ake yi can ita ce ake yi nan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ko akwai shaidar cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna tsallakawa daga kare zuwa mutum? Akwai, kuma ta fito ne daga ƙasashen da suke da kayan bin sawun cuta. A Amurka, daga 2016 zuwa 2018, mutum 118 a jihohi 18 sun kamu da gudawa mai tsanani daga wata ƙwaya mai suna Campylobacter wadda ta ƙi jin magungunan da aka saba ba da su. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bi sawu, sai ta tarar da tushen abin a 'yan kwikwiyon da ake sayarwa a kantunan dabbobi. Cikin kwikwiyo 149 da aka duba takardunsu, 142 an riga an ba su antibayotik, da yawa daga cikinsu ba don suna ciwo ba, sai don kada su yi ciwo. A ƙasar Sin kuwa, a 2015 aka gano ƙwayoyin da suka bijire wa kolistin, maganin da likitoci suke ajiyewa sai komai ya gagara, a jikin aladu da mutane, bayan shekara ɗaya kuma aka same su a jikin karnuka. A Ingila, masu bincike na Jami'ar Biristol sun nuna a 2022 cewa karnukan da ake ciyarwa da ɗanyen nama sun fi fitar da E. coli mai bijire wa magani a cikin kashinsu.

Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya mana a rai, domin abincin karenmu ke nan. Kazar gidan gona da aka yi ta zuba wa magani a ruwan sha har ta mutu, kare ake jefa wa. Tunkiyar da aka yi wa allura ba ta tashi ba, kare ne yake cin mushenta. Hanji da tumbin da aka zubar a kwata, da abin da ke cikin bola, da kashin mutane a bayan gari, duka yana bi ya ci. Daga nan ya dawo gida ya lashi hannun yaro, ya sa baki a kwanon da aka bari a ƙasa, ya yi kashi a tsakar gidan da jariri yake rarrafe. Ƙuda ya sauka a kan kashin ya tashi ya sauka a kan fura. Da damina ruwa ya kwashe ƙazantar ya kai kududdufi, ko rijiyar da ba ta da murfi, ko lambun fadama inda ake noman latas da tumatirin da za a ci ɗanye. Rijiyar kuwa ta gari ce, mai kare da marar kare duk a nan suke ɗiba. Saboda haka yadda muke riƙe karnukanmu hakkin maƙwabta ne a kanmu.

Haka nan masu fataucin karnuka zuwa kudu, irin su kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, inda ake tara karnuka daga jihohin arewa da dama, su san cewa cunkusa dabbobi daga garuruwa daban-daban cikin keji ɗaya hanya ce ta musayar ƙwayoyin cuta, ɗura musu magani domin su kai kasuwa da rai kuma ƙara wa wuta mai ne. Mai kamawa da mai yanka da mai fiɗa su ne na farko a bakin haɗari.

Me wannan yake nufi ga iyali? Yaro ya kamu da ciwon fitsari ko raunin ƙafarsa ya ruɓe. A da, ƙwayoyi masu araha na kwana biyar ko bakwai sun isa. Yanzu a sha na farko bai yi ba, a sha na biyu bai yi ba, sai an ɗauke shi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a ɗebi fitsari ko mugunya a kai ɗakin gwaji, a jira kwana biyu ko uku kafin a san maganin da ƙwayar take ji. Maganin da zai yi aiki sau da yawa allura ce mai tsada ta jijiya, sai an kwantar da shi. Uwa ta bar gida ta zauna jinya, uba ya sayar da akuya ko ya buɗe rumbu ya kai gero kasuwar Sara tun farashi bai tashi ba. Arahar kafso biyu da aka saya wa kare, a nan ake biyan cikon kuɗinsa.

Yanzu bari mu saurari masu cewa an ɗora wa kare laifin da ba nasa ba. Suna da gaskiya babba. Maganin da ake ba karnuka ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da wanda mutane suke sha ba da izinin likita ba, da wanda ake zuba wa kaji da shanu. Tarayyar Turai ma sai da ta hana ba dabbobi antibayotik domin ƙiba kawai tun 2006. Bugu da ƙari, masana sun nuna cewa sau da yawa mutum ne yake shafa wa karensa MRSA, karen ya riƙe ta, daga baya ya mayar wa gidan. Amma abin da ya bambanta kare shi ne kusanci. Saniya tana turke, kaza tana akurki, kare kuwa yana tsakanin bola da tabarmar yara. Shi ne gadar da ƙazantar waje take bi ta shigo gida. Maganin wannan kuwa ba kashe karnuka ba ne, ko korar su su zama na yawo, domin karen da ba shi da mai shi ya fi kowanne haɗari. Abin da ake bukata shi ne riƙo na gari.

Wasu kuma za su ce likitan dabbobi yana da nisa, mutumin Basirka ko na wani ƙauye a bakin iyakar Bauchi ba zai ɗauki kare a babur ya tafi neman asibiti ba. Wannan ma gaskiya ce, za mu kuma zo kan hakkin hukuma. Amma a lura, yawancin abin da yake damun karnukanmu antibayotik ba ya maganinsa. Tsutsar ciki maganin tsutsa take so. Kaska da ƙuma da ƙazuwa maganin wanka ko na fata suke so. Gudawar jinin nan da take kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, sau da yawa bairas ne yake kawo ta, wato wata irin ƙwaya dabam wadda kafso ba ya taɓawa, allurar rigakafi ce take tare ta. Wanda ya ba da ja da yalo a kan waɗannan ya yi asarar kuɗinsa, karen bai warke ba, ya kuma horar da ƙwayoyin da ke cikin hanjinsa.

A nan ya zama dole mu ja kunne game da cizon kare. Ciwon haukan kare shi ma bairas ne, yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba a tashi. Babu kafso ko allurar kyamis da take hana shi. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar domin allurar rigakafi. Idan raunin yana bukatar antibayotik, likita ne zai faɗa. Wanda ya sha Ampiclox ya kwanta yana zaton ya tsira, ya sa ransa a haɗari.

To, me za mu yi? Na farko, maganin mutum na mutum ne. Kada a ba kare ko wata dabba ragowar maganin gida, wanda aka rubuta wa magani kuma ya sha yadda likita ya ce. Na biyu, idan kare ya yi ciwo a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko da ta waya ce, idan ya rubuta magani a bi ƙima da kwanakin da ya faɗa. Na uku, a yi wa kare rigakafin hauka kowace shekara, a riƙa ba shi maganin tsutsa, a cire masa kaska. Na huɗu, a dafa abin da za a ba shi, mushe kuwa a binne shi da zurfi ko a ƙone. Na biyar, kare ya sami kaskonsa dabam, a kwashe kashinsa kowace safiya a zuba a masai ko a binne, a rufe rijiya, a hana shi lasar fuskar yaro ko rauni, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi da kafin a ci abinci. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin talaka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya gagari gida ɗaya ba zai gagari ikilisiya ba. Dattawa suna iya ƙidaya gidajen da suke da karnuka, a haɗa kuɗin mai, a gayyato malamin dabbobi rana ɗaya ya yi wa duka rigakafi ya kuma duba marasa lafiya, a sanar da mai unguwa domin maharba da makiyaya maƙwabtanmu su ma su kawo nasu. Zumuntar mata, waɗanda su ne masu ajiyar magani da kula da tsabtar gida, suna iya gayyatar ma'aikaciyar lafiya ta yi musu bayani. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kuma makon faɗakarwa ne kan bijirewar ƙwayoyin cuta. Lokuta ne masu kyau na yin wannan aiki.

Ga hukuma kuma muna da kira. Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da wannan matsala na 2017 zuwa 2022, ta sake fitar da na biyu na 2024 zuwa 2028, wanda ya haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli wuri ɗaya. A Satumban 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi alkawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. A wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Muna roƙon waɗannan shirye-shirye su sauko daga Abuja da Dutse su iso ƙauye. A ƙara malaman dabbobi a ƙananan hukumomi, a ba su babura da abin sanyaya rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take aiki tun 1924, tana yin rigakafin haukan kare a cikin ƙasar nan, sai a tabbata yana isowa. Hukumar NAFDAC da masu kula da kyamis su sa ido kan magungunan da ake tallarsu a faranti cikin rana a kasuwannin ƙauye, domin bisa doka yawancin antibayotik sai da takardar likita ake sayar da su.

'Yan'uwa, kakanninmu sun ga zamanin da ƙaya a ƙafa ko zazzaɓin jego yake kai mutum kabari, domin babu maganin da zai tare shi. Shekara 80 da 'yan kai ke nan da samun waɗannan magunguna, sababbi kuma ba sa fitowa da saurin da tsofaffin suke lalacewa. Amana ce a hannunmu, akwai kuma rabon waɗanda ba a haifa ba a ciki. Mu kula da karnukanmu da abinci mai tsabta da rigakafi, mu bar wa masu ilimi aikin rubuta magani. Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya ba mu, ya kuma kiyaye gidajenmu da na maƙwabtanmu. Amin.